Kujerar da ta Tsallake Kwata

Tun ranar Alhamis motar lasifika take zagaya unguwa tana nanatawa: Asabar da safe motar kwasar tarkace za ta zo. Duk abin da aka samu a tsallaken kwata, ta bakin titi, shara ne. Abin da yake ta ɓangaren gida kuwa ba mai taɓawa.

Mai askin layin, wanda kowa ke kira Ƙaiƙayi saboda hannunsa ba ya zama lafiya, ya ji sanarwar ya yi murmushi. Shi ne fa ya taɓa ɗinke wa tela aljihu da zaren telan. Har yau yana ba duk wanda ya hau kujerarsa mai juyawa labarin, kujerar da yake rantsuwa ko a birni babu irinta.

Da safiyar Asabar ya hango kujerar Baba, tsohon da gidansa ke kallon shagonsa, a ƙofar gida ba kowa a kai. Ta katako ce, an ɗaure hannunta guda da wani koɗaɗɗen ɗankwali. Ta marigayiya matarsa ce, kuma tun rasuwarta Baba bai zauna a kan wata ba. Ƙaiƙayi ya ɗaga ta cak don kada a ji ƙara, ya tsallakar da ita kwata, ya dire ta kusa da wani mataccen firji. Nufinsa Baba ya fito ya yi ta bambami, shi kuma ya tare motar, a sha dariya.

Sai ga wani ya faɗo shago, a yi masa aski da sauri. Inji ya ɗauki ƙugi, hira ta yi daɗi. Ko da ya tuna ya leƙo, motar ta sha kwana. Ba firji, ba kujera. Sai layi biyu a ƙasa, inda aka ja ƙafafunta.

Ko ɗaga ta ba su yi ba, ya ce a ransa, jan ta suka yi kamar buhu.

Can Baba ya fito dafe da ƙugu. Ya daɗe yana kallon gurbin kujerar. Bai tambayi kowa ba. Ya lallaɓa ya zauna a kan simintin bakin ƙofa.

Da zagi ya yi, da Ƙaiƙayi ya samu sauƙi.

Ya rufe shago ya hau babur sai juji. Ya tona katifu, ya ɗaga ƙyauraye, ƙusa ta huda masa takalmi. Ma'aikatan motar suka ce su ba su ga wata kujera ba. Ya ce ƙarya suke, wani cikinsu ya kai ta gidansa. Ya dawo yana wari, ya kasa cin abinci.

Daga ranar bakinsa ya mutu. Labarin tela ma ya daina bayarwa. Madubin shagon daidai yake da ƙofar Baba, don haka duk kan da yake askewa, ta bayansa tsohon yake gani, zaune a ƙasa yana gyara zama.

Motar lasifika ta dawo: kowa ya yashe kwatarsa kafin ruwa ya sauka. Ƙaiƙayi ya naɗe wando ya shiga ta Baba, tasa ko kallo bai yi ba.

"Ɗana, me na yi maka haka?" in ji Baba.

"Zaman tare ne, Baba."

"Ikon Allah. Zaman taren bai taɓa kai ka cikin kwatata ba sai bana."

Aka ce a sare rassan da suka kusa wayar lantarki. Ya hau bishiyar Baba, tururuwa suka yi masa rubdugu. Aka ce akwai gwajin ido na tsofaffi a asibitin unguwa. Ya goya shi a babur, ya riƙe masa layi. Nas ɗin ta nuna alamomin allo har na can ƙasa, Baba bai kuskure ko ɗaya ba.

"Baba, ai idonka ya fi nawa," ta ce.

A hanyar dawowa tsohon ya ce ta bayansa, "Ka san a kan kujerar nan ta yi zamanta na ƙarshe? Ita ta ɗaura ɗankwalin da hannunta."

Saura kaɗan babur ya faɗa kwata.

Washegari hadari ya haɗu. Ƙaiƙayi ya tsaya a tsakiyar shago yana kallon kujerarsa mai juyawa. Ya shafa ta, ya goge ta, ya kinkime ta a kai. Masu shaguna suka fito suna kallo, tela har da tafi. Bai kula kowa ba. Ya dire ta gaban Baba, ya durƙusa.

"Baba, ga wannan. Kuma akwai wata magana da..."

"Ruwa zai taɓa ta," Baba ya katse shi. "Shigar da ita ɗakin ciki tukuna."

Yayyafi ya fara. Ya sake kinkimar ta, ya ratsa tsakar gida, ya ture labulen da kafaɗa.

A jikin tagar da ke kallon titi, ga kujerar katako an goge ta tas, ɗankwalin na ɗaure a hannunta, ƙafafun baya da sauran ƙasa. Ta bayansa ya ji Baba yana cewa, "Ajiye ta kusa da 'yar'uwarta, ɗana. Kai ka iya ɗagawa cak. Ni da na jawo ta, har yau ƙuguna bai saki ba."