Murhun da Aka Bari da Toka

Shekara goma sha ɗaya Callum Treloar ya yi yana karatu a Kanada. Da ya dawo garinsu Jindabyne, a gindin duwatsu masu dusar ƙanƙara, abin da ya fara roƙa shi ne kawunsa Merv ya sake kai shi kan duwatsu, su ƙetare mashigar da suka saba bi a da. Merv ya haura saba'in, gwiwa ta fara gardama, amma bai ce a'a ba. Suka ɗaura wa ƙafafunsu allunan zamiya a kan dusar ƙanƙara a tsakiyar watan Yuli, lokacin da sanyin ƙasar can ya kai maƙura.

A gindin mashigar akwai tsohuwar bukkar kwano ta makiyayan shanu. Ƙofarta ba ta san kwaɗo ba. Tun zamanin kakanninmu doka ɗaya ce a irin waɗannan bukkoki, ba a kuma rubuta ta ko'ina ba: in ka ƙona itace, ka mayar. Kafin ka fita ka kwashe toka, ka jera busassun ƙirare a murhu, ka cika akwatin itace, ka bar ashana a kwalba. Mai zuwa bayanka wataƙila yatsunsa ba za su iya ƙyasta fiye da ƙwaya ɗaya ba.

Haka suka tarar da bukkar da la'asar. Wani da ba su sani ba ya shirya murhu ya tafi. Ashana ɗaya, wuta ta kama. Suka dafa shayi a gwangwani, Merv yana tuna zamanin allunan katako, lokacin da mutum goma kan cushe a ɗakin nan su raba burodi ɗaya, safunansu a rataye suna tururi.

"Uwarka ta fi mu duka gudu a gangara," in ji shi. "Kai kuwa ubanka ka biyo. Kamar an turo buhun dankali."

Da safe akwatin itace ya zama fayau. Merv ya ɗauki gatari.

"Kawu, ajiye," Callum ya ce yana duba wayarsa. "Guguwa za ta sauko ƙarfe huɗu. In muka tsaya tonon itace a cikin dusar ƙanƙara, awa guda ta tafi."

"Farfesa, a can Kanada ba a koyar da saran itace ne?"

"Wannan zamanin ya wuce. Yanzu kowa da ɗan rishonsa na gas a jaka."

"Risho shayi yake ɗumamawa, ba mutum ba."

"Wa zai zo nan a irin wannan makon? In mun dawo da bazara ni zan cika akwatin da hannuna."

Merv ya daɗe yana kallon murhun. Shekara hamsin bai taɓa fita ya bar toka ba. Amma ɗan ƙanwarsa ne, ya dawo daga nesa, ga shi yana ta zumuɗi. Ya jingine gatarin, suka kama hanya.

Guguwa ba ta jira ƙarfe huɗu ba. Da sha biyu, suna dab da ƙolin dutsen, sama da ƙasa suka zama abu ɗaya fari fat. Iska ta kayar da Callum sau biyu. Merv ya kama kafaɗarsa ya nuna baya. Suka juya.

A wajen rafi, dusar ƙanƙarar da ta rufe ruwa ta rufta da tsohon. Callum ya jawo shi waje, a jiƙe har ƙirji. Kafin su kai bukka tufafinsa sun sandare kamar fata.

Suka tura ƙofa. Toka ce a murhu, yadda suka bar ta.

Callum ya danna na'urar neman agaji, ya cire wa kawunsa jiƙaƙƙun kaya, ya nannaɗe shi a jakar barci. Ya kunna risho, gas ya yi sanyi, harshen wutar bai kai farce ba. Ya fita da gatari, ko hannunsa ba ya gani. Rassan itacen turare da ya tono duk a jiƙe suke. Ya ƙona taswira, ya ƙona takardun abinci, hayaƙi kawai. Sai da ya farfasa bencin bukkar, bayan awa biyu, wuta ta kama. A lokacin Merv ya daina rawar ɗari, ya daina amsa kira.

Jirgin ceto bai iya tashi ba sai washegari. Merv ya rayu. Likitoci sun yanke yatsun ƙafarsa duka, da huɗu na hannun dama.

Yanzu Merv yana zama a bakin taga, inda ake hango duwatsun. Allunansa na rataye a bango. Callum ya sake haɗa bencin, kuma kowace shekara kafin sanyi yakan hau ya cika akwatin itace. In ya sauko sai ya biya ta gidan kawunsa.

"An jera ƙirare, Farfesa?"

"An jera, Kawu."

"To. Ka ce wa zai zo. Ai ka ga wanda ya zo."

Mai karatu, abin da ka tarar an tanadar maka, ka tanadar wa na baya kafin ka wuce, ko da kana sauri. Ba ka san wanda zai turo ƙofar nan ba. Mai yiwuwa kai ne, goye da naka.