Ranar da Aka Karɓe Bindigar Gidaɗo

'Yan sanda suka fita daga gidan Gidaɗo a unguwar Cheetham Hill, can ƙasar Turawa, ɗauke da magnum ɗinsa, bindigar da yake harbi da ita a kulob ɗin harbi duk Asabar, da lasisinsa da komai.

Ya leƙa taga yana huci. "Aikin Baturen nan ne na maƙwabta! Hukumar Council sun sallame ni daga aiki bai ishe su ba, Musulmi da bindiga ya tsone musu ido."

Matarsa Yelwa ta ajiye masa shayi.

"Ni na kira su, Baban Raki."

Ya juyo a fusace.

"Kullum sai ka je kulob kake cika ta. Jiya na same ta ƙarƙashin filonka, harsashi ɗaya tak a ciki. Na waye?"