Langar Wanda Jirgi Zai Kawo

Gidan Kaka a Kafanchan yana bayan tashar jirgin ƙasa. Duk ranar da ta dafa gwaten acca, kafin ta zuba wa kowa sai ta cika wata shuɗiyar langa ta rufe, ta ce, "Wannan na wanda jirgi zai kawo ne."

Wata Lahadi bayan mun taso daga coci na cinye nawa tas, na suɗe kwanon, ban ƙoshi ba. Ƙamshin yakuwa da gyaɗa sai fitowa yake ta gefen murfin langar.

"Kaka, ƙara mini kaɗan mana."

"Mai shi yana hanya," ta ce, ko kallona ba ta yi ba.

Na koma bakin ƙofa na zauna. Da jirgi ya yi kuka, na rufe ido na roƙi Ubangiji da zuciya ɗaya kada kowa ya shigo gidanmu. Fasinjoji suka yi ta wucewa da kayansu, babu wanda ya yi sallama.

Da rana ta yi sanyi Kaka ta leƙo waje, ta duba hanya sama da ƙasa. Sannan ta ɗauko langar, ta rusuna ta miƙo mini da hannu biyu.

"Sannu da zuwa, baƙuwa. Yaya hanya?"

Gwaten ya huce, amma ban taɓa cin mai daɗinsa ba.

Yanzu langar tana ɗakin girkina, fentinta duk ya ɓare. Har yau ita nake fara cikawa.