Jarida a Bangon Littafi

Na lura Baba ya rufe bangon littafin da ya ara a laburare da tsohuwar jarida. Littafin ciwon ƙoda ne. A gidanmu ba wanda ya san yana karanta shi sai ni da nake aiki a laburaren.

Ya dafa teburina. "Kwana biyu mamanki tana zuwa nan. Me take ara?"

"Ka yi haƙuri Baba, ba ma faɗin abin da wani ya ara. Doka ce."

"Ni da na haife ki?"

"Haka Mama ta ce jiya, da ta zo tambayar naka."

"Kika ce mata me?"

"Doka ce."

Ya ɗauki littafinsa, ya gyara jaridar, ya fita a hankali.