Babban Mai Duba

A shekara guda ta rasa miji, ta rasa gidan ma'aikata na kwaleji inda suka yi shekara ashirin da biyu. Abin da ta samu shi ne ɗaki biyu a bayan shagonta na yadi, da kwalin sabulu ɗauke da littattafan rubutu goma sha biyu na marigayin, da wata baƙuwa da ta ƙi daina zuwa.

Ba-Ragi ake kiranta a layin masu yadi, kuma ba a banza ba. Karatunta bai wuce lambobin jikin tef ɗin awo ba, sai zana sunanta da kyar. Mijin ne mai biro. Shi ke koya wa 'yan ajin ƙarshe yadda ake bincike da rubuta kundin kammala karatu. Kullum bayan la'asar yakan zauna a baranda yana karanta aikin ɗalibai da ƙarfi, ita tana gefe tana linke yadi tana tsaki. In ta tanka ko kai ba ya ɗagowa, rubutunsa kawai yake yi. Har yau ba ta gama yafe masa wannan ba.

Baƙuwar ita ce sabuwar malamar da aka ba ajinsa. Ta zo gaisuwa, ta sake zuwa gaisuwa, a zuwa na uku idonta ya sauka kan kwalin ya ƙi tashi.

"Mama, tun rasuwar Malam ɗalibai duk sun lalace. Kwafe-kwafe kawai suke yi."

"Duka? Su nawa ne, nawa kika duba?"

Malamar ta ce tara cikin sittin.

"To ki ce tara, 'yar nan. Sauran ba su ci miki komai ba."

Maimakon ta ji haushi, sai malamar ta zaro ɗan littafi daga jaka ta rubuta wani abu. Nan Ba-Ragi ta sha jinin jikinta. Ita dai ba ta taɓa ganin mai ta'aziyya da biro ba. Ta san irin wannan cinikin: a kwashe wahalar mamaci, a buga, a manna sunan mai rai. A ranar ta tura kwalin ƙarƙashin gado, ta tare shi da akwati.

Mako na gaba malamar ta fito fili. Kwaleji na so ta buga littattafan su zama jagora ga ɗalibai. Ta faɗi abin da za a bayar. Ba-Ragi ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce ko ƙyallen goge takalmi ba ta sayarwa haka. Aka ninka. Ta ce a gaida gida.

Malamar ba ta tashi ba. "Akwai kuma wani da muke nema, Mama. Malam ba ya sa hannu a kundin kowa sai ya kai wa Babban Mai Duba. Kundi kan dawo da tambayoyi da koren biro, irin masu sa ɗalibi gumi a inuwa. Ba wanda ya san gidansa. Muna zaton sunansa na cikin littattafan nan."

Ashe har da wani ɗan rabon gado a gefe! Gobe sai wani tsohon farfesa ya ɓullo da tabarau ya ce kwalin nasa ne. Ba-Ragi ta ajiye almakashi.

"Wa ya ce miki akwai shi? Da idonki kika gani, ko a bakin mutane kika tsinta?"

Biron malamar ya suɓuce ya faɗi. Ta ɗauka, ta tsaya tana kallon Ba-Ragi kamar yau ta fara ganinta, sannan ta tafi ba ta ko taɓa ruwan da aka kawo mata ba.

Kwana uku Ba-Ragi tana jawo kwalin tana buɗe littattafan. Rubutun kore ne tun daga sama har ƙasa, bai ce mata komai ba. Abu ɗaya ta lura da shi, kamar yadda take gane zanen yadi: layin farko na kowane littafi iri ɗaya ne sak.

Rana ta huɗu malamar ta dawo, ba jaka, ba biro. Ta ce ba ta zo ɗaukar komai ba, shafin farko kaɗai take roƙo. Ba-Ragi ta riƙe littafin gam da hannu biyu, malamar ta leƙo ta karanta layin a hankali.

"Ƙarya kike," in ji Ba-Ragi. "Bakin mutum ɗaya ba ya isata."

Ta ƙwala wa telan da ke maƙwabtaka da ita kira. Ba ta gaya masa komai ba, ta buɗe wani littafin daban ta nuna masa wurin da yatsa. Tela ya goge tabarau, ya karanta da ƙarfi: "Tambayoyin matata, kamar yadda ta faɗe su a baranda."

Ba-Ragi ta daɗe tana kallon koren rubutun. Sannan ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta tura kwalin gaban malamar da ƙafa.

"Ku buga. Amma sunana a saman nasa, da manyan baƙaƙe, waɗanda ko ni zan iya karantawa."