Farar shadda a gidan biki

Ban manta da ranar da na fara zuwa gaishe da gwaggon wanda zan aura ba, tsohuwar 'yar kasuwa ce da ta sha zuwa ƙasar Sin saro kaya. Ina durƙushe a gefen tabarma wayata ta yi magana da Sinanci, don na manta ban kashe darasin da nake saurara a hanya ba. Kunya ta kama ni. Da ta matsa mini na faɗa mata gaskiya: ɗan nata da zan aura yana shigo da kekunan ɗinki daga can, ni kuma ina koyon harshen ni kaɗai, ina so wata rana in zama bakinsa a wurin mutanen. Ta yi murmushi, ta ce in gyara zama ta ba ni misali.

Ta ce an yi wata mai sayar da yadi da ta ƙware a Sinanci har tana ciniki ba tafinta. Akwai wata Basiniya mai masaƙa da take ba ta kaya masu kyau kafin kowa, kuma da wannan hulɗa shagonta ya tsaya da ƙafarsa. Da Basiniyar ta tashi aurar da 'yarta, sai mai yadin ta zaɓi abin da ya fi komai daraja a wurinmu, farar shadda mai sheƙi, ta naɗe ta da farar takarda, ta kai gidan biki, ta yi fatan alheri da Sinanci mai kyau. Uwar amarya ta karɓa da hannu biyu, fuskarta ta canza, ta tura kyautar bayan kujera. Daga ranar hirarsu ta waya ta zama gajeriya, shayin da ake zuba mata in ta je ma sai ya huce ba a ƙara ba, sabbin kaya kuma suka fara tafiya shagon wasu.

Mai yadin ta bi kalmominta ɗaya bayan ɗaya, ba ta ga kuskure ba. Maimakon ta yi fushi, sai ta je masaƙar, ta zauna, ita ta fara zuba wa matar shayi, ta tambaye ta laifinta. Nan ta ji cewa a wurinsu fari tufafin makoki ne, ja shi ne na aure. Ashe kamar likkafani ta kai wa amarya. Ta ba da haƙuri, ta bayyana yadda mu muke girmama fari, ta koma gida ta sa marina suka rina mata shadda ja wur, ta kawo. Basiniyar ta yi dariya har da hawaye. A zaman nan ta nuna mata zanen da zai yi tashe baɗi, da yadda 'yan kasuwarsu suka koma tallar kaya kai tsaye ta bidiyon waya.

Gwaggo ta kai ƙarshen labarin, ta dube ni. Na daɗe ina juya zoben da ɗanta ya ba ni, sannan na ɗago kai.

"Gwaggo, na yi alkawari ba zan tsaya a bakinsu kawai ba. Zan koyi abin da ke faranta musu da abin da ke ɓata musu, abin da ban sani ba kuma zan tambaya."

Ta turo mini kofin shayi, ta ce, "To 'yata, ɗana ya yi dace. Matambayi ba ya ɓata."