Rigar da Aka Sanya wa Gora

Tun da hantsi ganguna suka cika titin garin, hadari kuma ya rufe duwatsu. Ranar zagayen matattu ce, wadda duk gidan da aka yi rashi yake ɗaure dogon gora, a sanya masa tufafin mamacin da hotonsa, a kewaya gari da shi.

Mishri tana tsaye a bakin taga. Shekara bakwai ke nan da mijinta Punyalal ya haura dutse bai dawo ba, sai bana surukarta ta yarda a lissafa shi cikin matattu. Herakaji, mai sana'ar kafinta, wanda ya ɗaure goran Punyalal, yana gefenta yana murza hularsa.

"Daga yau babu mai zarginki, Mishri," in ji shi. "In turo magabatana?"

Daidai nan goran ya iso, yana rangaji bisa kawunan jama'a kamar mai neman wata fuska. Iska ta cika rigar har hannuwanta suka ɗaga. Shuɗiya ce, da jan faci a gwiwar hannu, ɗinkin Mishri da kanta.

"Yaya Herakaji, wa ya kawo rigar nan?"

"Ni na ɗauko a akwatinsa. Inna surukarki ta kasa buɗewa."

Ta juyo a hankali ta dube shi. Hular ta daina motsi a hannunsa.

"Ba daga akwati ta fito ba. Da ita ya fita ranar da ka raka shi dutse, ranar da bai dawo ba."

A ƙasa, masu ɗauke da goran suka tsaya hutawa daidai tagar, hoton yana fuskantar Herakaji.